Man Ƙuna a Hannun Yaya

Gidan renon yara ne, irin wanda ba shi da allo a ƙofa. Da safe mata masu zuwa aiki sukan sauke 'ya'yansu da jakar fida da famfas, da yamma su dawo su kwashe abinsu. Anti ce mai renon. Ita ke tsayawa a bakin ƙofa da fara'a har kunne, tana cewa "kawo mini mijina," tana ba kowace uwa tabbacin cewa ɗanta na hannu nagari. Da an rufe ƙofa sai ta miƙa wa Yaya yaron, ta koma kan kujera da wayarta. Yaya ke goyo, Yaya ke wanke kashi, Yaya ke lallashin mai rigima har ya yi barci. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yaya yayar mijin Anti ce. Ta haura hamsin, mijinta ya rasu, ba ta da ɗa a raye, shi ya sa take zaune a gidan ƙanin nata, wanda har yau da furfurarsa take kira Auta. Auta mai gyaran firji ne, amma shagonsa ya fi tara ƙura a kan ciniki, kuma kowa a gidan ya san renon ne ke ɗora tukunya. Yaya ba ta taɓa ganin kanta a matsayin kaya ba, don tana da hannu. Da shi take aikin gidan, da shi kuma take saƙa huluna da safar jarirai da kwarashi idan yara sun yi barci, iyayen su saya, ta samu na sabulu ba tare da ta roƙi kowa ba.

Da yara suka yi yawa, Anti ta mayar da kicin ɗakin barcinsu, aka fito da risho aka ajiye a ƙasa cikin lungun da ke tsakanin ɗakuna. Yaya ta yi magana.

"Anti, rishon nan a ƙasa yake, ga yara na rarrafe."

"Yaya ke nan, ba kya rasa abin faɗa. Ai idonmu na kansu."

Idon Yaya ne kaɗai ke kansu, kuma ido biyu ne da ita kamar kowa.

Ranar da abin ya faru tukunya na kan rishon, ana tafasa fidojin yara. Yaya na tsugune a bakin famfo tana ɗauraye nafkin, sai ta hango Sarkin Ɓarna ya nufi lungun. Yaro ne da bai daɗe da fara tafiya ba, ɗan wata nas da ke aiki a asibitin unguwar, kuma Yaya ce ta laƙaba masa sunan saboda duk abin da hannunsa ya kai sai ya jawo. Kafin ta miƙe ya kama kunnen tukunyar. Ba ta san yadda ta isa wurin ba. Ta ture shi da hagu, ta tare tukunyar da dama, ruwan ya kwararo mata daga yatsu har ya wuce wuyan hannu, hannun rigarta ya jiƙe ya manne da fata yana ci gaba da dafa ta.

Ko ɗigo bai taɓa yaron ba. Kukan turewar da aka yi masa yake yi. Anti ta fito a guje ta sure shi, ta juya shi gaba da baya, ta duba kunne ta duba tafin ƙafa, ta yi ajiyar zuciya. Sannan ta waiwayi Yaya, wadda ta durƙushe tana riƙe da gwiwar hannu, haƙora a datse.

"Yaya, don Allah kada ki ɗaga murya. Maƙwabta."

Abin da aka fara ce mata ke nan. Sannu ta zo daga baya.

Sai da aka kwashe yara da yamma Auta ya raka ta wurin mai kemis na bakin layi. Mutumin ya ɗaga tsumman da aka rufe hannun da shi, ya daɗe yana kallo, ya girgiza kai.

"Wannan ta fi ƙarfina, Malam. Dubi tsakanin yatsun, ta yi zurfi. Ku kai ta asibiti."

"In Allah ya yarda, gobe," in ji Auta. "Ba mu abin da za a sa mata zuwa safe."

Mai kemis ya ɗauko bututun farin mai da bandeji, ya yi bayani a hankali yana duban Yaya, don ya ga ita ce ke sauraro. Ya ce man yana hana ƙwayoyin cuta kama wurin ne. Kullum a wanke tsohon da ruwa mai tsabta kafin a shafa sabo, a naɗe kowane yatsa daban, ta riƙa motsa su ko da ciwo.

"Kuma ku ji da kyau, man nan ba na zama ba ne. Ko ƙaramar ƙuna ce, in ta kai mako biyu ba ta haɗe ba, a dakata da shi a nemi likita. In kuka ji wari ko jikinta ya yi zafi, kada ku jira komai. Balle wannan da na ce muku ta asibiti ce tun yau."

Auta ya ce to, to, ya gode. A hanya yana ta yi mata sannu, har ya riƙe mata gefen mayafi don kada ya goga wa hannun. Yaya ta ji sanyi a ranta, ta ce ƙaninta na nan.

A gida Anti ta riga ta gama shawara. Ta zauna a gefen gado, ta yi magana cikin taushi kamar mai neman alfarma.

"Wane asibiti? Can fa uwar yaron nan take aiki. Za su tambaya a ina, garin yaya, da wane ruwa. Gobe duk iyayen nan sun ji cewa saura ƙiris yaro ya dahu a gidanmu. Wa zai sake kawo mana ɗansa? Me za mu ci?"

"Akwai babban asibiti a can cikin gari," in ji Yaya.

"Haba Yaya, nas-nas ɗin nan duk bakinsu ɗaya, sun san juna. Ke dai kin san mutane da tsegumi."

Yaya ta dubi Auta. Ya sosa ƙeya, ya dubi bututun da ke hannunsa.

"Ki yi haƙuri, Yaya. Mu ga yadda man zai yi tukuna. Mai kemis ma ai mako biyu ya ce."

Ba haka mai kemis ya ce ba, kuma su ukun sun sani. Amma Yaya ta bar zancen a haka, don a gidan da ake ciyar da kai ba ka cika gyara wa mutane zance ba.

Washegari aka kai mata katifa sito, ɗakin baya inda Auta ke jibge matattun firji da fankoki. Anti ta ce na ɗan lokaci ne, kada iyaye su ga bandeji su fara tambaya. Daga can Yaya ta ji ta a bakin ƙofa tana amsa wa Nas, uwar Sarkin Ɓarna.

"Yaya ta yi tafiya, 'yan uwa suka kira ta. Kawo mini mijina."

Da safen farko Anti ta gwada wanke hannun yadda aka ce. Ruwa na taɓa wurin, wani nishi ya ƙwace wa Yaya, duk da ta cusa bakin zane a baki. Yaran da suka san muryarta suka ɗauki kuka gaba ɗaya, maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambayar ko lafiya. Anti ta ce lafiya lau, rigimar yara ce. Daga ranar aka daina wanki. Anti takan shigo a gurguje, ta kwance bandeji, ta matso sabon mai a kan tsohon, ta shafe da bayan cokali, ta haɗa yatsun duka ta naɗe su dunƙule guda, don naɗin ɗai-ɗai na cin lokaci kuma yara na jira.

"Kin gani? Fari tas. Ba jini, ba komai. Yana warkewa."

Fari ne kam. Man ya yi ɓawo a kan ɓawo, ya rufe komai ruf, mai kallo ba ya ganin abin da zai tayar masa da hankali. Abin da ke ƙarƙashi kuwa Yaya ce kaɗai ke jinsa, yana zugi kamar ana hura wuta.

Aiki bai bar ta ba. Da rana ta yi tsaka, lokacin da babu uwar da za ta faɗo, Anti takan turo mata kwandon wanki ta ninke da hannun hagu. Daga baya aka ƙara da fidoji, ta matse kowace a tsakanin gwiwoyi ta wanke. Anti ta ce motsa jiki na taimaka wa maras lafiya. Wani lokaci Sarkin Ɓarna yakan sulale ya zo ƙofar siton, ya yi ta bugu da tafin hannu yana kiran "Yaaya," don shi ba a yi masa bayanin tafiyar ba. Ita kuma sai ta kame bakinta, hawaye na zuba, har a zo a ɗauke shi. Wannan ya fi mata ƙunar ciwo.

Akwai wata hula da ta fara saƙawa kafin abin ya faru. Wata rana ta jawo ledar zarenta, ta sassauta bandejin, ta gwada kama kwarashi. Babban yatsa ya motsa kaɗan. Sauran suka ƙi rabuwa da juna, kamar an liƙe su da gam. Kwarashin ya faɗi a cinyarta. A nan tsoro na gaske ya shige ta. Ba mutuwa take tsoro ba. Tana tsoron ranar da za ta zauna a gidan nan babu abin da take tsinanawa, ana miƙo mata abinci ana kawar da kai.

Da mako biyun suka cika ta tare Auta da ya shigo neman wata waya a cikin tarkacensa.

"Auta, lokacin da mai kemis ya faɗa ya yi. Hannun nan bai haɗe ba."

"Na sani, Yaya, yana raina. Bari Asabar ta zo, babu yara, sai mu tafi a tsanake."

Asabar ta zo, aka kira shi gyaran firjin wani mai sayar da ƙanƙara, aikin da ya ce ba ya jira. Asabar ta gaba Anti ta ce ai ran hutu likitoci ba sa zama, ɗalibai kawai za a tarar su jagwalgwala hannun. Ran aiki kuma ba a barin yara. Kowace rana da dalilinta, kuma kowane dalili in ka ji shi shi kaɗai sai ka ce yana da kai. Bututu ya ƙare aka sayo wani. Da Yaya ta sake tuna musu cewa man ba na zama ba ne, Anti ta yi dariya.

"Magani ne fa, Yaya, ba guba ba. Wanda bututu ɗaya ya warkar, ai uku sun fi warkar da shi. Ke dai jikin girma ne, ba ya saurin haɗewa."

Da ta koma sayen na uku, mai kemis ya tambaye ta me likita ya ce. Ta yi kame-kame. Ya mayar da bututun kan kanta ya ce ba zai sayar ba, in har yanzu ana neman man nan to hannun ya lalace, a kai matar nan asibiti yau. Anti ta dawo gida tana huci, tana ba Auta labari a tsakar gida, Yaya na ji ta taga.

"Wai ni zai yi wa wa'azi. Shi likita ne? Shagonsa kaɗai ne a garin?"

Ta hau mota ta je kasuwa, ta sayo manya guda biyu a inda ba a tambaya.

Sai wari ya fara. Da farko Yaya ce kaɗai ke ji, in ta kwanta ta ɗora hannun kusa da fuska. Daga baya ya cika siton, ƙudaje suka gano hanya. Anti ta ce ɓera ne ya mutu a cikin firjin Auta, ta fesa turaren ɗaki, ta ce a riƙa rufe ƙofar sosai kada ya kai wurin yara. Kaluluwa ta fito wa Yaya a hammata. Da yamma sanyi yakan kama ta har haƙoranta su riƙa haɗuwa, da safe ta tashi zane jiƙe da gumi.

"Zazzaɓin sauro ne," in ji Anti, ta ajiye mata farasitamol a kan murfin firji. "Kowa na yi yanzu."

Wata rana da hantsi, bayan an shafa mata na ranar an fita, Yaya ta matsa kusa da taga ta kwance bandejin da haƙori. Ta ɗauki cokalin, ta sa gefensa ta ɗaga ɓawon a hankali. Ya taso da laushi, mugunya ta biyo shi, kore-kore. Naman da ke ƙasa ba ja ba ne. Yatsu uku na ƙarshe sun yi baƙi daga kai, ta danna su da cokalin ba ta ji komai ba. Ta daɗe tana kallonsu. Hannunta ne, ta san shi shekara hamsin da ɗoriya, amma ta kasa gane shi.

Ba ta rufe ba har Auta ya dawo cin abincin rana. Ta kira shi, ta ɗaga masa hannun a cikin haske.

"Duba, Auta. Kada ka kawar da kai, duba."

Ya duba, ya yi baya ya dafa bango, idanunsa suka kawo ruwa.

"Innalillahi. Yaya, haka ya zama? Gobe da sassafe, wallahi, ko me za a yi."

Ta yarda da shi, don ta ga hawayen. Amma bangon siton ba shi da kauri, ta ji yadda aka kwashe a ɗaki. Anti ta ce gobe Nas ke aikin safe. Ta ce yanzu ma ai ya fi muni, in likita ya ga hannun haka zai ce an yi sakaci, a kira hukuma, a rufe gidan, wataƙila a tafi da shi Autan. Ta ce a bari wurin ya ɗan yi kyau da man tukuna, sannan a kai ta ba kunya. Muryar Auta ta ɗaga sau ɗaya, ta sauka, daga nan ba a sake jin ta ba. Da gari ya waye ya fita tun kafin Yaya ta idar da salla.

Mai karatu zai ce, to ba ta da ƙafa ne? Tana da ita, kuma ta gwada. Ran nan da la'asar, Anti na wanka, yara na barci, ta yafa mayafi ta lallaɓa har bakin ƙofar gida, ta zare sakata. Ga titi, ga masu wucewa, asibitin ma ba nisa. Ta tsaya ta yi tunanin abin da zai biyo baya. Za a tambaye ta, ita kuma ba ta iya ƙarya ba. Iyaye za su kwashe 'ya'yansu, tukunyar gidan Auta ta sauka, a ce Yaya ce ta kashe gidan da ya rufa mata asiri. In an sallamo ta daga asibitin, wace ƙofa za ta ƙwanƙwasa? Ta mayar da sakatar a hankali don kada ta yi ƙara, ta koma sito.

Jikinta ne ya yanke hukuncin da ta kasa yankewa. Wata safiya ta farka maƙogwaro a bushe, butar da ke gefenta babu ko ɗigo, ta kira Anti muryar ba ta fita ba. Ta manta da ƙa'idar cewa ba ta fitowa a lokacin kawo yara. Ta dafa bango ta fito tsakar gida ta nufi famfo, ƙasa na juya mata. Daidai lokacin Nas ta shigo da ɗanta a kafaɗa.

"A'a, Yaya? Yaushe kika dawo?"

Yaya ta buɗe baki za ta amsa, sai ta zube.

Nas ba ta tsaya jin bayanin Anti ba. Warin kaɗai ya gaya mata abin da ke cikin bandejin. Ita ta tare mota, ita ta riƙe kan Yaya a cinyarta har asibiti.

Likitan mutum ne mai sanyin magana. Sai da aka jiƙa hannun aka yi ta ɓamɓare farin ɓawon kafin ya ga abin da zai gani. Ya tambayi tun yaushe ake shafa man, Auta da aka kira daga shago ya ce ya kusa wata biyu. Likita ya ɗago ya dube shi.

"Wata biyu, ba wanki, ba wanda ya duba? Man nan ba shi da laifi, ya yi iyakar abin da zai iya tun a makon farko. Ƙuna mai zurfi irin wannan ba mai ke haɗe ta ba. Da kun zo da wuri, da mun wanke mun gyara, in ta kama a yi dashen fata, ta koma gida da hannunta."

Ya juya wurin Yaya, ya rage murya. Ya ce yatsu uku sun mutu, dole a cire su yau kafin cutar ta gama shiga jini. Biyun da suka rage za a yi ƙoƙari, amma sun riga sun sandare.

"Likita, zan iya riƙe kwarashi?"

Bai gane ba sai da Nas ta ce masa saƙa take yi. Ya sake duban hannun.

"To ɗaurin goyo fa?" in ji Yaya.

"Mama, mu fara ceto ranki tukuna."

Ta gane amsar. Ta juya fuska bango, ta yi kukan da aka hana ta yi tun ranar farko, ba wanda ya ce ta rage murya.

Bayan tiyata da kwana biyu Nas ta zo duba ta a ƙarshen aikinta, ta tarar da Auta da Anti a bakin gadon, sun kawo abinci a kula. Ta gyara wa Yaya matashi, ta duba ƙarin ruwan, sannan ta yi tambayar da ke cinta.

"Wai garin yaya haka ta faru? Kuma me ya sa aka ce mana kin yi tafiya?"

Anti ta riga kowa. Ta ce bayan an kwashe yara ne, Yaya ta ɗora ruwa ta zauna kusa da risho, gyangyaɗi ya ɗauke ta. Ta ce Yaya ce ta roƙe su kada a faɗa wa kowa don kunya, ita ta ƙi asibiti, ita ke ta shafa man da kanta, sun yi magiya har sun gaji.

"Kin san manya da taurin kai. In ka matsa a ce ka raina su."

Nas ta dubi Yaya. "Haka ne, Yaya?"

Yaya ba ta dubi Anti ba, don ba ta taɓa sa rai da ita ba. Auta ta duba. Ba ta neman a biya ta yatsu, ba ta neman a rufe gidan kowa. Kalma ɗaya take jira daga bakin ɗan'uwanta, ya ce a'a, ba haka aka yi ba. Ta ba shi lokaci mai yawa. Auta ya sunkuya yana gyara murfin kular da ba abin da ya same shi.

"Haka ne, 'yata," in ji Yaya. "Sakacina ne."

Irin wannan zalunci ba ya zuwa da sanda. Ba wanda ya zagi Yaya, ba wanda ya hana ta abinci, kullum sai an shiga an yi mata sannu an shafa mata magani. Da a ce an yi banza da ita ne ma, da wataƙila wani ya gani ya yi magana. Shafa man shi ya ba su damar kwanciya su yi barci, su ce wa kansu ai muna kula da ita. Mai kemis ya faɗi iyakar man, jikinta ya faɗa da wari da zazzaɓi, ita ma ta faɗa da bakinta. Duk sun ji. Sun auna hannun mace da cinikin gida ne, hannun bai yi nauyi ba.

Da aka sallame ta aka mayar mata da katifarta ɗakinta na da, tunda yanzu babu abin ɓoyewa. Renon na nan, ko yaro ɗaya bai ragu ba, har ana yaba wa Anti yadda take ɗawainiya da yayar miji. Da safe Yaya takan zauna a baranda ta sha rana, hannun a naɗe a kan cinya, don ba ta da abin yi.

A nan Nas ta same ta a safiyar farko. Tana sauke Sarkin Ɓarna ya hango Yaya, ya ƙwalla kiranta, ya taho da 'yar tafiyarsa ta tangaɗi, hannaye biyu a sama. Yaya ta miƙa masa na hagu, fuskarta ta saki a karo na farko tun da aka yi abin. Saura taku kaɗan uwar ta cafe shi ta ɗaga sama, yana zillo yana miƙo hannu.

Nas mace ce mai kirki, ita ta ceci ran Yaya, kuma ba da wulaƙanci ta yi maganar ba. Ta ɗan rusuna ta gaishe ta, ta tambayi jiki, sannan ta ce a hankali:

"Yaya, kada ki ji haushina. Tun da na ji yadda abin ya faru nake kasa barci. Ina ta tunanin da a ce yara na nan ranar da barcin ya ɗauke ki. Na roƙi Anti, don Allah ki huta, kada a riƙa bar miki shi. Shi kaɗai gare ni."

Anti na tsaye da jakar fida a hannu. Auta na bakin ƙofa yana ɗaure akwatin kayan aikinsa a bayan babur, ya ji komai, bai waiwayo ba.

Yaya ta dubi yaron, fatarsa sumul daga goshi har tafin ƙafa. Ta sauke hannun da ta miƙa.

"Gaskiyarki ne, 'yata," ta ce. "Ki kula da shi. Allah ya raya miki."